Asalin mafarautan shaiɗanu a wasanni huɗu: wanne ya cancanci kuɗinka da lokacinka?

Duk wanda ya daɗe yana bin wasannin kwamfuta na duniyar tatsuniya, irin waɗanda ɗan wasa yake ɗaukar jarumi guda ya raine shi tun yana ɗan koyo har ya zama gwarzo, ya san akwai wani jarumi da ba a cika rasa shi ba, wato mafaraucin shaiɗanu. Shi ne wanda ya bar gida da dangi ya sadaukar da rayuwarsa ga farautar miyagun halittu, kuma kusan koyaushe akan nuna cewa bai sami ƙarfinsa a banza ba, sai da ya biya da wani abu na jikinsa ko na ransa. Wannan biyan shi ne zuciyar labarin, kuma a nan ne wasanni suke bambanta. Shaiɗanun da ake magana a kansu halittu ne da marubutan kamfanoni suka ƙirƙira domin labari, ba su da alaƙa da abin da addini ya koyar game da aljanu.

Rubutun nan na wanda yake da kuɗin wasa ɗaya ne kawai, ko lokacin wasa ɗaya, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne sanin yadda irin wannan jarumi ya samo asali. Na ɗauki huɗu: mafarautan Illidari na World of Warcraft, mafarautan Diablo III, mafarautan dodanni na The Witcher 3, da dakarun Grey Wardens na Dragon Age: Origins. Biyu na farko su ne suke ɗauke da sunan kai tsaye, biyu na ƙarshe kuma 'yan uwansu ne na kusa, waɗanda a wasu fuskokin sun fi su iya ba da labarin. Dole in bayyana wasu abubuwa na farkon kowane labari, domin ba a auna asali ba tare da an buɗe shi ba.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne zurfin labarin asali: wa ya kafa ƙungiyar, me ya jawo kafuwarta, kuma me sabon shiga yake rasawa kafin a karɓe shi. Tare da wannan akwai tambayar da mutane da yawa ba sa yi sai bayan sun biya kuɗi, wato ko ɗan wasa yana ganin asalin da idonsa a cikin wasan, ko kuwa sai ya je ya nemo shi a littattafai da shafukan intanet. A ganina wannan tambaya ta fi kowace nauyi, domin labarin da aka taka da ƙafa ba ɗaya yake da wanda aka karanta a gefe ba.

Na biyu shi ne farashi, kuma ba kuɗin saye kaɗai ba, har da kuɗin wata-wata, da kuɗin data na sauke wasan, da wahalar biya da dala, tunda katin banki na gida ba koyaushe yake wucewa a shagunan waje ba. Na uku shi ne ƙarko: sa'o'i nawa wasan zai ɗauka, kuma zai ci gaba da aiki ko da kamfanin ya rufe sabarsa? Na huɗu shi ne sauƙi, wato irin kwamfutar da yake buƙata, da ko yana tafiya babu intanet, da harshen da ake karanta shi. Na biyar shi ne haɗari, wanda ya haɗa da asarar kuɗi, da cin lokaci, da abubuwan da ba su dace a gani a gaban yara ko iyali ba.

Illidari na World of Warcraft

Idan zurfin tarihi ake nema, babu wanda ya kama ƙafar wannan. Kamfanin Blizzard ya fara gabatar da Illidan Stormrage a wasan Warcraft III na 2002, kuma shi ne mafaraucin shaiɗanu na farko a wannan duniya. Ɗan jinsin elf na dare ne, tagwaye suke da Malfurion, wanda ya bi hanyar kula da daji da halittu, shi kuwa Illidan ya bi hanyar tsafi da neman ƙarfi. Shekaru dubu 10 kafin zamanin wasan, rundunar shaiɗanu da ake kira Burning Legion ta mamaye duniyar Azeroth, sai Illidan ya je wurinsu kamar mai miƙa wuya. Shugabansu Sargeras ya ƙone masa idanu, ya maye gurbinsu da wani gani na tsafi da ke hango shaiɗanu da sihiri, ya kuma bar masa zane mai haske a jiki. Takubbansa biyu masu lanƙwasa ya ƙwace su ne daga wani shaiɗani mai suna Azzinoth bayan ya kashe shi. Da yaƙin ya ƙare, ya zuba ruwan tsohuwar rijiyar tsafi a wani tafki a kan dutsen Hyjal domin kada sihiri ya ɓace, mutanensa suka ɗauki wannan a matsayin cin amana, aka kulle shi a ƙarƙashin ƙasa shekaru dubu 10 a hannun mai gadi Maiev Shadowsong.

Bayan Tyrande, shugabar mutanensa, ta sake shi, ya shanye ƙarfin ƙoƙon kan wani matsafi mai suna Gul'dan, ya fito da ƙaho da fukafukai, ɗan uwansa ya kore shi. A duniyar Outland ne, a cikin haikalin Black Temple, ya fara horar da almajirai, wato mafarautan Illidari, mafi yawansu waɗanda shaiɗanu suka kashe wa dangi. Sabon shiga yana kashe shaiɗani, ya ci zuciyarsa, ya sha jininsa, daga nan sai ya ga wahayin duniyoyin da rundunar ta ƙone, abin da ke sa ya ƙwaƙule idanunsa da hannunsa. Sannan a yi masa zane a jiki domin ya riƙe shaiɗanin da yanzu ke zaune a cikinsa. Mafi yawansu ba sa tsira daga wannan horo, wasu su mutu, wasu su haukace.

Matsalar ita ce ɗan wasa ba ya yin wannan horo da kansa. An fi bayyana shi a wani littafin ƙirƙira da ya fito a 2016, shekarar da babin Legion, ɗaya daga cikin ƙarin da kamfanin yake yi wa wasan, ya ba da damar ɗaukar mafarauci a matsayin jarumi. Abin da ake bugawa shi ne harin da Illidan ya tura almajiransa duniyar Mardum su ƙwato wani mabuɗin tsafi, inda a wani wuri ake buƙatar ran mafarauci guda domin a buɗe ƙofar kawo ɗauki, sai a bar wa ɗan wasa zaɓi: ya ba da nasa ran, ko ya karɓi na abokinsa Sevis. Da suka dawo sun tarar an kayar da ubangidansu, aka kulle su a kurkukun masu gadi, sai bayan shekaru Maiev da kanta ta buɗe su saboda rundunar ta sake dawowa. Wannan buɗewa ta sa'o'i kaɗan tana da armashi ƙwarai, amma sauran tarihin a warwatse yake tsakanin wasanni da babi-babi na fiye da shekaru 20. Akwai kuma wani abin da mai lura zai gani: a babin 2007 an nuna Illidan a matsayin azzalumin da 'yan wasa suke taruwa su kashe, a 2016 kuma aka sake fasalin labarin ya zama mai hangen nesa da ba a fahimta ba. Wasu suna ganin wannan zurfi ne, ni ina ganin ɗinkin bai ɓoyu sosai ba, ko da yake wurin da ya ƙi karɓar kyautar haske a duniyar Argus, ya zaɓi ya zauna da tabonsa, yana cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta masa.

Wajen kuɗi wannan ne mafi tsada nesa ba kusa ba. Kuɗin wata dala 14.99 ne, wanda a shekara ya kusa dala 180, kuma babi mafi sabo daban ake sayensa. Ana iya gwada wasan kyauta har mataki na 20, tsofaffin babi kuma, har da Legion, suna cikin kuɗin wata. Yana buƙatar fili sama da gigabait 100, yana sabunta kansa a kai a kai, ba ya tafiya ko na daƙiƙa ɗaya babu intanet, kuma a kwamfuta kawai ake buga shi. Mai wasa daga Afirka ta Yamma da sabar Turai yake haɗawa, saboda haka jinkirin layi abu ne da zai zauna da shi. Ƙarkonsa iri biyu ne: wasan yana raye tun 2004 kuma ba ya ƙarewa, amma ba mallakarka ba ne. A Janairun 2023 an rufe sabar ƙasar Sin saboda saɓanin kwangila, 'yan wasa suka zauna fiye da shekara ba su ga jarumansu ba sai a 2024. Babban haɗarinsa kuwa cin lokaci ne, domin an gina shi ne a kan ka dawo gobe.

Mafarautan Diablo III

A nan asalin ya fi sauƙi, kuma ya fi kusa da zuciyar ɗan Adam. A duniyar Sanctuary, wadda mala'ikan labarin Inarius da shaiɗaniya Lilith suka kafa a matsayin mafaka daga yaƙinsu marar ƙarewa, shaiɗanu sukan faɗa wa ƙauye su karkashe kowa. Idan mutum ɗaya ya tsira, mafarauta sukan zo su same shi a cikin toka su ba shi zaɓi: ya ci gaba da zama abin farauta, ko ya bi su arewa zuwa ƙasar Dreadlands ya koyi farauta. Babu shan jini, babu sauya halitta. Abin da ake biya shi ne mutum ya rayu da ƙiyayyarsa har abada ba tare da ta cinye shi ba. Labarin Valla, wadda ita ce fitacciyar mafarauciya a wannan duniya, ya nuna haka: ita da ƙanwarta Halissa suka tsira daga kisan ƙauyensu, ƙanwar ta zauce saboda abin da ta gani har ta mutu a kogi, sai wani mafarauci mai suna Josen ya ɗauki Valla ya horar da ita.

Abin da ya burge ni shi ne yadda aka saka wannan aƙida a cikin sarrafa jarumin. Sauran jarumai suna da ma'ajin ƙarfi guda, shi kuwa mafarauci nasa a rabe yake gida biyu a kusurwar allo, ja na ƙiyayya da shuɗi na kamun kai. Ƙiyayya tana cika da sauri, da ita ake harbi da ƙananan bakuna masu kunama guda biyu, kamun kai kuwa a hankali yake taruwa, da shi ake tsallewa baya, ko ɓacewa cikin hayaƙi, ko watsa ƙayoyin ƙarfe a hanya. Wanda ya ƙarar da kamun kansa a tsakiyar taron shaiɗanu ya mutu. Da haka ɗan wasa yake jin koyarwar ƙungiyar a yatsunsa ba tare da an yi masa lacca ba. Sai dai wasan, wanda ya fito a watan Mayun 2012, bai tsaya a kan ƙungiyar ba. Bayan ɗan gajeren hoton buɗewa, jarumin ya nufi garin New Tristram bin sawun tauraron da ya faɗo, shekaru 20 bayan rushewar Worldstone, dutsen tsafin da yake ɓoye duniyar Sanctuary, daga nan labarin kowa ɗaya ne, muryar jarumi ce kawai take bambanta. Labarin Valla ma a gajeren rubutu kamfanin Blizzard ya fitar da shi, ba a cikin wasan ba.

Sau ɗaya ake biya, babu kuɗin wata, kuma farashinsa ya sauka sosai daga dala 59.99 na ranar fitowa. Ya kamata a haɗa da babin Reaper of Souls na 2014, domin da shi ne wasan ya gyaru, a shekarar ce kuma aka rufe kasuwar sayar da makamai da kuɗin gaske da ta ɓata masa suna. Filinsa kusan gigabait 25 ne, kuma kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa. Amma a lura da kyau: na kwamfuta dole sai da intanet ko da mutum shi kaɗai yake wasa, na PlayStation da Xbox da Switch kuwa suna tafiya babu layi, har mutum huɗu suna iya zama a gaban talabijin ɗaya. Wanda layinsa ke yankewa kada ya kuskura ya zaɓi tsarin da jarumi ke mutuwa sau ɗaya babu dawowa. Tun 2023 an daina ƙirƙiro sababbin jigogin zango, wato sauye-sauyen da ake kawo wa wasan duk bayan 'yan watanni, tsofaffin ake juyawa.

Mai waya kaɗai zai ji labarin Diablo Immortal na 2022, wanda ake saukewa kyauta kuma yana da mafarauci. Labarinsa ana iya binsa ba tare da biya ba, amma an tsara ƙarfafa jarumi a kan saye-sayen cikin wasa masu kama da caca, har ba a fitar da shi a Beljiyam da Holan ba saboda dokokinsu kan irin wannan ciniki. Ban ba matashi mai katin banki a hannu shawarar shigarsa ba.

Mafarautan dodanni na The Witcher 3

Waɗannan ba shaiɗanu kaɗai suke farauta ba, kowane irin dodo ne, kuma don kuɗi suke yi, ba don rantsuwa ba. Duk da haka labarin asalinsu ya fi na kowa ɗaci. Kimanin shekaru 1,500 kafin zamanin labarin, duniyoyi suka gwabza da juna, dodanni suka zubo cikin wannan duniya suka maƙale. Da mutane suka rasa yadda za su yi, matsafa irin su Alzur da Cosimo Malaspina suka fara gwaji a kan yara domin su ƙera mayaƙan da za su iya tunkarar dodo. Ana ɗaure yaro a kan tebur, a ɗura masa haɗin tsirrai masu dafi a jijiya na kwanaki, kuma a cikin yara 10 kusan 3 ne suke tashi. Wanda ya tashi yana samun idanu irin na kyanwa, da saurin motsi, da tsawon rai, amma ba zai taɓa haihuwa ba, kuma mutanen da yake karewa suna tofar da yawu idan ya wuce. Takobi biyu yake ratayawa a baya, na ƙarfe domin mutane da namun daji, na azurfa domin dodanni.

Bambancin da ke tsakanin wannan da biyun farko babba ne. Almajirin Illidan shi ya kawo kansa, mafaraucin Diablo an tambaye shi, amma waɗannan yara ba wanda ya nemi yardarsu. Wasan na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland, wanda ya fito a watan Mayun 2015, bai nuna kafuwar ƙungiyar ba, domin ya zo ne a ƙarshen zamaninta, lokacin da sansanin Kaer Morhen ya zama kango kuma ba a ƙara yin sababbin mafarauta. Amma yana sa mutum ya taka sawun abin da ya faru. Akwai wurin da Geralt, jarumin wasan, yake raka abokinsa Lambert ta cikin kogon da ake tura yara jarrabawar ƙarshe, Lambert yana ba da labarin yadda wani mafarauci ya ceci mahaifinsa mashayi mai dukan iyali, aka biya ladan ceton da shi Lambert ɗin. Akwai kuma daren da aka fito da tsohon teburin gwajin aka ɗaure wata halitta a kai domin a karya tsinuwar da ke kanta, manyan mayaƙa suna tsaye suna kallon abin da aka taɓa yi musu, tsoho Vesemir, malaminsu, yana cikinsu. Mai son shaiɗani na sosai kuma zai same shi a babin Hearts of Stone, a siffar Gaunter O'Dimm, mai ƙulla yarjejeniya da mutane a kan rayukansu.

Wajen daraja da kuɗi babu na biyunsa. Cikakken bugu mai haɗe da babi biyu na ƙari dala 49.99 ne, kuma a lokutan rangwame yakan sauko kusan dala 10. Wanda ya saya a GOG, shagon sayar da wasanni na intanet, yana iya ajiye fayil ɗin a faifansa ya girka shi duk lokacin da ya so babu intanet. Babban labarin yana cin kusan sa'o'i 50, da ayyukan gefe da ƙarin babi kuwa ya haura 100. Yana son fili kusan gigabait 50 da katin hoto na gaske, saboda haka kwamfutar ofis ba za ta ɗauke shi da daɗi ba. Shi kaɗai ne a cikin huɗun yake da rubutun Larabci, ban da Faransanci da dukkansu suke da shi, abin da zai amfani wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Haɗarinsa a fili yake: na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, akwai tsiraici da zagi da zubar da jini, ba wasan da za a kunna a falo ba ne.

Grey Wardens na Dragon Age: Origins

Wannan shi ne mafi tsufa a cikin waɗanda ake saye sau ɗaya, kamfanin BioWare ya fitar da shi a watan Nuwamban 2009, kuma shi kaɗai ne yake zaunar da ɗan wasa a cikin bikin shiga ƙungiya ya miƙa masa ƙoƙon. Bisa koyarwar masu ibada na wannan duniya, matsafan daular Tevinter sun kutsa Birnin Zinariya na mahaliccinsu, aka jefo su a matsayin gurɓatattun halittu na farko, waɗanda suka tono wani tsohon abin bauta mai siffar dodo mai fukafukai, Dumat, ya zama babban shaiɗanin da ya jagoranci annobar farko ta kusan shekaru 200. A tsakiyar wannan bala'i ne wasu tsofaffin mayaƙa suka taru a sansanin Weisshaupt suka yanke shawarar shan jinin maƙiyan domin su riƙa jin motsinsu. Sirrin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne, idan wani ya kashe babban shaiɗanin, ransa yana komawa jikin wata gurɓatacciyar halitta ya sake tashi, amma idan ɗan ƙungiyar ne ya kashe shi, ran yana shiga jikinsa su hallaka tare. Ko bai kai ga haka ba, bayan kimanin shekaru 30 dafin yana cin ƙarfinsa, sai ya sauka hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ya mutu yana yaƙi.

A sansanin Ostagar, shugaba Duncan yana tura sababbin shiga uku daji su ɗebo jinin. Da dare a tsaya a da'ira, Daveth, wanda a da ɗan sane ne, ya fara sha, idanunsa su yi fari ya faɗi matacce. Jory, mayaƙi mai mata da juna biyu a gida, ya ja da baya ya zare takobi yana cewa ba a gaya masa haka ba, Duncan ya soke shi domin sirrin ba ya fita. Sannan a juyo gare ka da ƙoƙon. Kafin wannan dare ma, wasan yana da mafari daban-daban har 6, gwargwadon jinsi da matsayin jarumin da aka zaɓa, kowanne yana nuna masifar da ta kai shi hannun Duncan. Ga mai neman asali, wannan tsari ya amsa tambayar fiye da duk sauran.

Cikakken bugunsa dala 29.99 ne, yakan faɗi ƙasa da dala 10 a rangwame, kuma yana GOG. Tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa, ba ya buƙatar layi, labarinsa yana kai sa'o'i 40 zuwa sama. Lahaninsa na tsufa ne: hotonsa ya kwana biyu, faɗansa na tsayawa a tsara dabara ne ba na saurin hannu ba, kuma a sababbin kwamfutoci yakan rufe kansa a wurare masu cunkoso sai an saka masa gyaran da 'yan wasa suka yi. Shi ma na 'yan 18 ne, akwai karatu mai yawa a ciki.

| Ma'auni | World of Warcraft | Diablo III | The Witcher 3 | Dragon Age: Origins |
|---|---|---|---|---|
| Zurfin asali | Mafi faɗi, a warwatse | Gajere | Mai zurfi | Mai zurfi |
| Ana buga asalin? | Kaɗan | A'a | Ana ganin sawunsa | Ƙwarai |
| Biya | Dala 14.99 duk wata | Sau ɗaya | Sau ɗaya | Sau ɗaya |
| Intanet | Dole | Dole a kwamfuta kawai | Ba dole ba | Ba dole ba |
| Fili | Sama da gigabait 100 | Kusan 25 | Kusan 50 | Kusan 20 |
| Shekarun da aka ƙayyade a Turai | 12 | 16 | 18 | 18 |
| Babban haɗari | Cin lokaci da kuɗi | Maimaici | Tsiraici da jini | Matsalolin tsufa |

Wa ya dace da wanne

Wanda burinsa shi ne ya zama mafaraucin shaiɗanu da sunansa da siffarsa, mai ɗaurin ido da fukafukai, kuma yana da tsayayyen layi da wuta da hanyar biyan dala duk wata, World of Warcraft ne nasa. Shawarata gare shi ita ce ya biya wata ɗaya ko biyu, ya buga Mardum da babin Legion har Argus, sannan ya tsaya ya duba ko sauran wasan ya cancanci ci gaba da biya, kada ya ɗauki kuɗin wata shida tun farko.

Wanda yake da na'urar wasa a gida, yana son abin da zai kunna na rabin sa'a bayan aiki ko ya buga da ƙannensa manya, kuma gajeren labari ya ishe shi, ya ɗauki Diablo III na na'urar, ba na kwamfuta ba. Idan kuwa tarihin ƙungiyar ne ya kawo shi, zai gama wasan da ƙishinsa.

Baligin da yake da kwamfuta mai ƙarfi da ɗakin kansa, yana son labarin da zai zauna masa a rai, kuma bai damu ba ko abin farautar dodo ne ko shaiɗani, ya jira rangwame ya sayi The Witcher 3 cikakke. Haka ma wanda ya fi sakewa da Larabci.

Ɗalibi ko ma'aikaci mai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda datarsa a ƙirge take kuma wuta ba ta zama, Dragon Age: Origins ya fi dacewa da shi, muddin yana iya karatun Turanci ko Faransanci mai tsawo. Kuma idan mutum ya ce mini asalin kawai yake so, ya ga yadda ake mayar da mutum mafarauci tun daga ranar da aka ɗauko shi daga gida, wannan zan nuna masa ko da yana da kuɗin sayen sauran ukun. Mai saya wa yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 kuwa, World of Warcraft ne kawai ya shiga ƙa'idar shekarunsa, kuma ko shi sai an kunna tsarin kulawar iyaye da ke ƙayyade sa'o'in wasa da hira da baƙi.